Ciwon Ƙarya da Likitar Ƙofar Gabanmu

Shekarar da annoba ta rufe duniya, ni da 'yata kaɗai ta rufe a wani ɗan gida na bene a unguwar Sentul, a ƙasar Maleshiya. Maigidana ya je Kano duba mahaifiyarsa, aka rufe iyaka yana can. Ni kuma ina digiri na uku, karatun ya koma cikin kwamfuta, yarinya 'yar shekara shida tana hawa kaina tana sauka. Dokar kulle ta hana fita sai sayen abinci, ko masallacin Kampung Baru da muke haɗuwa da 'yan gida an garƙame shi.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata Basiniya ce. Ba irin Sinawan da aka haifa a Maleshiya ba, daga can ƙasar Sin ta taso, aure ya kawo ta. Tun farko ba ta kwanta mini ba. Ka gaishe ta, ta ɗaga haɓa kamar gaisuwar ma sayar da ita take yi. A lokacin kuma kowa haushin Sinawa yake ji kan cutar nan, ni ma ban ware kaina ba. Idan muka haɗu a lif, ta matsa wancan lungu, in matsa wannan, kowa na zargin ɗan'uwansa ta saman takunkumi.

Ita ce ta fara buga mini ƙofa. Ta ce ta ji ina magana da malamina da Turanci ta bango, taimako take nema. A ƙasarsu likitar yara ce, ta yi shekaru tana aiki a babban asibiti, har ƙananan likitoci take koyarwa. Amma a nan takardarta ba ta ci, sai ta sake zana jarrabawa, ta koma sahun masu koyon aiki kamar yarinyar da ta fito makaranta jiya. Jarrabawar kuma an yi ta ɗage ta saboda annoba. Kafin nan tana zaune a kantin magungunan gargajiya na surukarta tana auna saiwoyi a ma'auni. Wani ɓangare na jarrabawar, in ji ta, sai an kawo maka mutum yana kwaikwayon maras lafiya, ka yi masa tambayoyi da Turanci, ka duba shi. So take in zama mata wannan mutumin.

Na yarda, kuma ba don Allah kaɗai ba. A garinmu idan likita ya zama maƙwabcinka, to unguwa ta yi likita. Ba a tambayar takardarsa. Yaro ya yi zafi, ka saɓe shi ka buga ƙofa, ko yana cin tuwo zai wanke hannu ya taɓa goshinsa. Da wannan lissafin na shiga.

Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofata, ta zo da takunkumi biyu da safar hannu da agogo. Yau ni mai ciwon ciki ce, gobe uwar yaron da ke farfaɗiya. Na kuwa iya. Har nishi nake ƙarawa, ina kiran wayyo Allah, 'yata tana leƙe tana dariya tana cewa, “Mama, you're so drama lah.” Matar nan ta danna cikina, ta saurari ƙirjina, ta leƙa idona, ta ƙwanƙwasa gwiwata. Hannunta ya san aiki, wannan ba zan hana ta ba. Yana sauka a jikinka ka san ya taɓa yara da yawa.

Abu ɗaya ta hana ni, kiran ta Dakta. Mu kuwa ba mu iya kiran mutum haka tsirara ba. Da na ƙwala mata Dakta a baranda, sai ta waiwaya kamar na kira ta ɓarauniya. Ta ce idan wani ya kai ƙara cewa tana duba marasa lafiya ba lasisi, an gama da ita, ko ɗakin jarrabawar ba za ta shiga ba. Na ce to, a raina na ce tsoron banza. Na ci gaba da kai mata abinci, ranar Sallah har da waina da miyar taushe. Kafin kwanona ya huce ta dawo da shi cike da lemo, kamar mai tsoron kwana da alherin wani.

Ana haka 'yata ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ta daina cin abinci. Na ce a kawo mata roti, irin gurasar da take so, daga shagon abincin da ake kira mamak, ta ce da yaren garin, “Tak nak makan,” wato ba za ta ci ba. Na yi ta ba ta farasitamol ina goga mata ruwa. Asibiti kuwa a kwanakin nan tsoronsa nake kamar me, don labarin da ke yawo a tsakaninmu shi ne duk wanda ya je da zazzaɓi killace shi ake yi, a raba uwa da ɗa. Wata ƙawata da ke Kampung Baru ta ce mini a waya, “Ke don Allah don't rush, ba kina da doctor next door ba? Ta duba ta mana, me amfaninta?”

Ranar da yarinyar ta fara amai tana riƙe ciki, da rana tsaka, na saɓe ta na buga ƙofar. Ta buɗe, ta kalle mu, sai ta mayar da hannuwanta biyu baya ta riƙe. Wannan riƙe hannun har yau ina ganinsa. Ta ce in kai ta asibiti yanzu, kada in jira yamma. Na ce ta taɓa ta tukuna, ta gaya mini mene ne. Ta ce ba za ta iya ba. A ƙarshen barandar akwai wani tsoho maƙwabcinmu yana shan iska yana kallonmu, na ga idonta ya je kansa ya dawo.

Na ce, “Dakta, cikina da ba abin da ke damunsa kin danna shi ya fi a ƙirga. Ga mai ciwon gaske.”

Ta ce, “Kada ki kira ni haka a nan. Ki tafi asibiti.”

Na zage ta da Hausa, zagin da ban san yana bakina ba. Ta kira mana mota da wayarta, ta tsaya a bakin ƙofa har lif ya rufe, hannuwan suna baya.

Zazzaɓin dengi ne, na cizon sauro. An kwantar da ita, an ƙara mata ruwa, ba wanda ya raba ni da ita. Likitan ya ce mun zo a kan lokaci. Maigidana da na ba shi labari cewa ya yi ai matar ta kyauta, ta faɗi gaskiya. Na kashe wayar. Gaskiyar da ko mai gadin gidan zai iya faɗa mini.

Bayan mun dawo ta aiko da miya a kwano, na mayar ban buɗe ba. Ta bar mu muka kwana biyu, sannan ta buga ƙofa da agogonta a hannu. An sa ranar jarrabawa, ba ta da wanda za ta gwada da shi. Na yi mamakin ƙarfin halinta. Na ɗauko tabarmar na shimfiɗa, don akwai abin da nake so ta ji.

Ta danna agogo, ta gaishe ni yadda aka koya musu, ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce ni baƙuwa ce a garin nan, mijina ba ya nan, 'yata tana zazzaɓi, ta daina ci, yau ta fara amai tana riƙe ciki. Na zaci tashi za ta yi. Sai ta ci gaba. Ta tambayi fitsarin yarinyar, ta tambayi ko dasashinta na jini, ko ƙafafunta sun yi sanyi, ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake komai ba. Da ta gama ta ce wannan yarinya asibiti za a kai ta yanzu.

Na ce, “Ashe dai maganar ɗaya ce.”

Ta ce, “Ko ina da lasisi abin da zan ce ke nan. Sai dai da na ɗora hannuna a kanta kafin in faɗa.”

Na ce mata hannun na zo nema ai. Na naɗe tabarmata na shiga ciki, ban sake shimfiɗa mata ita ba.