Wendell, Na Ce Maka Na Duba

Ranar Asabar, sha huɗu ga Satumba, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Wendell Haugen a cikin gonar dawa da ke gabas da ɗan filin jirginmu, a nan yammacin Kansas. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa Arlene da 'ya'ya mata biyu da jikoki biyar. Jirgin da ya faɗi da shi nawa ne, kuma ina tsaye a bakin rumfar ajiye jirage ina kallo.

Wendell, 'yan ƙungiyarmu ta masu ƙera jirgi a gida sun ce ni zan rubuta ta'aziyyarka, tunda shekara talatin muna tare. Na karɓa.

Kai ka kawo mana injin nan mai juyi, wanda ba shi da fistin. Ka ciro shi daga wata tsohuwar mota ka ce zai tashi sama, muka yi maka dariya har muka gaji. Ka ɗaure shi a bayan a-kori-kurarka, ka sa masa farfela, ka tayar da shi a ƙofar gida, iskar ta kwashe shanyar Arlene ta watsa a gonar maƙwabci. Sati guda ba ta soya maka fanke ba. Bayan shekara biyu injin ya ɗaga ka sama, mu masu dariya muka dawo muna layi a garejinka.

Shekara shida ka yi kana fama da bututun shan iska. Ka ce injin yana son dogon bututu in yana juyi a hankali, gajere kuma in ya ɗauki wuta. Sai ka ƙera biyu, ɗaya cikin ɗaya, matuƙi ya ja ko ya tura daga kujerarsa. Totur ɗin na mota ne, amma ka juya masa sifirin, kuma babu wanda ya taɓa shiga garejinka ya fita bai ji dalili ba. Kana cewa, “A mota, in wayar totur ta tsinke, sifirin rufewa yake yi, ka gangara gefen titi. A sama ina gefen titin? Sifirin ya buɗe, injin ya yi ta ihu har ka sauko.”

Ban manta ranar da ka ga 'yar tsaga a bututun naka jirgin ba. Ko abinci ba ka tsaya ci ba, ka tuƙa mota awa biyar zuwa Nebraska, ka kwance wanda ka yi wa wani mutum da sau ɗaya ka taɓa ganinsa. Da matata Doris ta rasu, na yi wata guda ban buɗe labule ba. Ka zo ka tsaya a ƙofa ka ce, “Merle, tashi, malalaci. Ga sanfefa, ga alminiyon, ni ba ni da hannu huɗu.” Wannan gugar ce ta dawo da ni cikin mutane.

Yanzu ga abin da ya sa nake tsoro.

Ranar Laraba ka gama ɗaura sabon bututun a jirgina. Ranar Alhamis, ba ka nan, na ga kamar totur ɗin yana ɗan cijewa, sai na kwance shi na wanke na mayar. Shekara talatin da biyar na yi ina gyaran mota, Wendell. Hannuna ya ɗaura sifirin totur ya fi sau dubu, kuma duk ta gefen rufewa. Na mayar da murfin injin, na ɗaure, na tafi gida.

Ranar Asabar ni ya kamata in tashi. Ka ga hannuna yana rawa har kofi yana zubewa daga kofin da na riƙe, ka yi murmushi ka ce, “Tsoho, da wannan hannun ko keke ba zan ba ka ba. Wanda ya ƙera shi ke fara hawa, matsa.” Ka dafa murfin injin ka dube ni. “Ka duba sifirin?”

Na ce na duba.

Ban yi maka ƙarya da gangan ba. A lokacin na ɗauka na duba. Kai da ba ka hawa jirgi sai ka taɓa sifirin da babban yatsanka, ranar ba ka buɗe murfin ba.

Ka tashi lafiya, ka wuce saman itatuwa. Sai ƙarar injin ta faɗi, kamar an rufe ƙofa a kanta. Duk wanda ya san injin nan ya san ba ya yin shiru da kansa. Ba ka juyo ba, ka miƙe gaba yadda ka koya mana, amma wayoyin wuta suna gabanka, ka karkata don ka kauce musu, fiffike ya taɓa ƙasa.

An sami wayar totur a zare. Jami'in bincike ya ce mai yiwuwa faɗuwar ce ta zare ta, mai yiwuwa kuma tun a sama ne. Sifirin ya tsinke, sai an duba sawunsa a jikin ƙarfe kafin a san gefen da aka maƙala shi, kuma za a yi watanni. Kullum ina rufe ido in koma ranar Alhamis, in ga tsumma, in ga sifana, in ga yatsuna, amma in na zo kan sifirin sai komai ya ɓace. Wayar gidana ta yi ƙara, in ɗauka jami'in ne. Motar gidan waya ta tsaya, in ɗauka takardar binciken ce ta iso.

A gidan shan kofi an fara cewa bututunka ne ya kashe ka. Mutum uku da ke da irinsa sun ajiye jiragensu, ɗaya har ya ce zai kwance ya jefar. Na yi kwana huɗu ina ji ina shiru, don tsoro. Rana ta biyar na faɗa wa jami'in komai, daga can na wuce wurin Arlene. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Merle, shekara arba'in da shida da aurenmu, in na ce masa na kulle ƙofa sai ya tashi ya murɗa da kansa. Kai ne ya yarda da maganarka.” Ta zuba mini kofi ta ajiye a gabana. Har yau ban san yadda zan ɗauki maganar nan ba.

Don haka nake roƙon 'yan ƙungiya, kada kowa ya ɗora wa aikin Wendell laifi kafin takardar binciken ta fito. Hannu na ƙarshe da ya taɓa totur ɗin nan nawa ne.

Allah ya jiƙanka, Wendell, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurinsa. Arlene, da ku 'ya'yansa Carol da Janice, da jikoki, Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda Wendell ya saba tsayawa. Ni kuma, in kun iya, ku sa ni a addu'a. Ranar da takardar za ta iso, Allah ya ba ni ƙarfin buɗe ta, in kawo muku da hannuna.

Merle Dvorak