Kawu Idi da Yaƙin Japan a Bakin Gona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Kawu Idi makwancinsa a Belbeji, amma har yau in aka ambaci Japan a rediyo sai na waiga, ko yana bayana yana gyaran murya.

Kawu bai taɓa wuce Damagaram ba, amma in ya ɗauko yaƙin Japan da Amirka sai ka rantse shi ya riƙe wa sojojin buta. A bakinsa, Japan ce ta kora shanunta gonar Amirka tun ba a saki gonaki ba: ta afka wa jiragen ruwanta ba sallama. Amirka ta rama da abin da ya ninka ɓarnar, ta jefa bam ta ƙone garuruwa biyu har da jarirai. Nan ba mai dariya. Can sai ya nuna tsohuwar motar Japan mai kai mutane kasuwar Tarka, ya ce yau Ba'amirke ma irinta yake hawa.

Da wannan labari yake sulhu. Duk kaka in dabbobi suka yi ɓarna, shi ake kira bakin gona. Ba mai buɗe baki sai yaƙi ya ƙare, shi kuwa yakan ja shi har manomi da makiyayi su haɗu a kan buƙata guda: Idi ya yi shiru. Daga nan sai tuwo.

Amininsa Agali, makiyayi daga Tenhya, shi ke kawo cuku duk ranar sadakar Kawu ta shekara, da Agali ya rasu ɗansa Musa ya ci gaba. Bana tabarmar Musa ba kowa. Raƙumansa sun shiga waken ƙanena Sani bara, waken da ko ɗan akuya zai cinye ya nemi ƙari! Sani ya kai ƙara wajen jandarmomi, aka tsare Musa, Musa kuwa ya rantse shi da gidanmu har abada.

Na ce, "Sani, ka fi Amirka fushi ne?"

Ya ce, "Yaya, ita Amirka ba wakenta aka ci ba."

Na gwada maganin Kawu. Ban kai ga jiragen ruwa ba Sani ya latsa waya, ya ce na yi kuskure, ya tashi. Abin da ke ci mini rai ke nan. Kuskuren Kawu ya fi yashin Damargu yawa, amma shi zaunar da mutane yake yi. Da yana nan, da wayar ya fara jefawa rijiya.

Tarihin da ya bari bai fi cikin cokali ba. Nacinsa ne gadon, ni kuwa na ɗauka. Gobe zan kai wa Musa kasonsa na sadaka har Tenhya, Inna kuma ta ce Sani ne zai riƙe ƙwaryar, don ɗan'uwanta Kawu ake yi. Hanyar doguwa ce, waya ba ta kamawa. Sani zai ji yaƙin nan tun daga jiragen ruwa.