Taɓo a Ƙafar Baron Asahel Brockway

Da na dawo Ohio daga karatu a Jamus, shekarar 1859, na tarar da sabuwar taswirar gundumarmu rataye a kantin garinmu, Pike Hollow. Faɗinta ya kai ƙofar ɗaki, kowace gona da sunan mai ita. Aka ce Asahel Brockway ne ya auna hanyoyin, da baro. Ban yarda aikin baro zai yi daidai ba, sai da na ji labarinsa.

Asahel kafinta ne, ɗan kafinta. Yana da shekara hamsin masu buga taswira suka ɗauke shi awo. Baron nasa ƙafa ɗaya ce babba, da ɗan agogo mai ƙirga juyinta, da kamfas a saman akwati. Shekara biyu yana turawa, karnuka na binsa da haushi.

Ana cikin haka Pike Hollow da ƙauyen Sabin's Mill suka shirya gina makaranta ɗaya, a tsakiyar hanyar da ta haɗa su. Asahel ya auna a farkon bazara, ƙasa na jiƙe, tsakiyar ta faɗo kafin rafi, ta ɓangaren Pike Hollow. Mutanen garinmu suka yi murna, 'ya'yansu ba za su riƙa tsallake ruwa ba. Har an fara jibge katako.

Ran nan yana wanke baron, sai ya ɓamɓaro busasshen taɓo daga ƙafar, kaurin yatsa biyu. Ƙafa in ta yi kauri, juyinta raguwa yake, hanya sai ta fito gajera. Fadamar da ya kwaso taɓon kuwa tana can ɓangaren Sabin's Mill. Ke nan ya rage wa mutanen can tafiya a takarda.

Matarsa Philinda ta leƙo. "Maigida, ka tasa baro gaba kamar an yi maka rasuwa. Lafiya?"

Ya gaya mata.

"To wa ya sani?"

"Ni. Yanzu kuma ga ke."

"Ni dai ban ji komai ba, kunnena ya tsufa. In ka faɗa, jikokinka uku ne za su shiga ruwan nan, ka sani ko?"

Ya jira ƙasa ta bushe, ya sake turawa sau biyu, zuwa da dawowa, yana kankare ƙafar da wuƙa kowane rabin mil. Tsakiya ta matsa taku ɗari biyu kacal, amma ta tsallake rafin. Ranar Lahadi bayan sujada ya miƙe ya faɗa wa jama'a.

Maƙwabcinsa Zebulon Krum ya ce, "Kai Asahel, wa ya aike ka? Jakina ma ya san inda gidansu yake!"

Aka kwashe katakon aka kai tsallake. Da gyararren awon aka buga taswirar. Asahel da kansa ya kafa wa yara gadar itace.

Na same shi a shagonsa yana feƙe katako, na ce, "Kawu Asahel, Zebulon ya huce kuwa?"

Ya ce, "Shekara guda bai gaishe ni ba. Jiya ya zo wai in auna masa iyakar gonarsa da ta surukinsa. Ya ce wanda ya tura jikokinsa ruwa, ba surukin da zai iya lallashinsa."