Akwatin Littattafan Ƙanena

Ni ne na yi kuskure, kuma gara in faɗi haka tun farko kafin wani ya fara tausaya mini. Abin ya faru ne a shekarar farin nan da ta ƙone mana gero a ƙasar Kunci, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba.

Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da ƙanena. Ni a firamare na tsaya, na koma riƙon gandu. Shi kuwa ya wuce makarantar horon malamai, ya dawo yana koyarwa a firamaren ƙauyenmu. Da an tashi daga makaranta sai ya saɓi fartanya ya same ni a gona. Dukkanmu muna son karatu, amma kowa da irin nasa. Ni littattafan Hausa nake bi, na jarumai da aljanu da matsafa, inda za a yi ta sara da suka, a ƙarshe mai gaskiya ya yi nasara. Shi kuwa yana da wani akwatin ƙarfe cike da tsofaffin littattafan Turanci da ya yi ta tsinta a wurin masu baza su a bakin titi a birni. Ƙagaggun labaran kimiyya yake kiransu.

Ya sha yi mini tsiya cewa littattafaina tuwo ne, ka ci ka ƙoshi ka yi barci, nasa kuwa goro ne, su hana idonka rufuwa. Ni kuma in ce masa nasa ba su da kai ba su da gindi. Amma gaskiyar magana ita ce ni ne nake roƙonsa. Turancina bai kai in karanta su ba, saboda haka idan muka kama kunya, ni a tawa shi a tasa, sai ya riƙa juya mini su da Hausa muna noma. Ya ba ni labarin wani mutum da ya rayu har ya yi 'ya'ya bai san cewa shi inji ba ne. Ya ba ni na wasu mutane da aka haife su a cikin wani ƙaton jirgi a tsakanin taurari, suna zaton iyakar duniya ke nan. Sai mu kai ƙarshen gona ban san mun kai ba. Idan ya yi shiru don ya ja mini rai, har cewa nake zan ƙarasa masa kunyarsa, shi dai ya ci gaba.

A wannan damina ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, muka yi noman fari, sai sama ta ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya naɗe. Rumbuna sun riga sun yi ƙasa tun bara. A gidaje da yawa tafasa da rama ake kwaɗantawa a kwana a kai. Wata rana muna zaune a gindin gawo, don babu abin nomewa, sai ya ce da ni, "Yaya, akwai wanda na ɓoye maka. Wannan idan ka ji shi, sai ka manta sunan jaruman nan naka."

Labarin wata duniya ce busasshiya, inda mutane suka ƙera injin da ke tara hadari ya saukar da ruwa. Mabuɗin injin yana hannun wasu 'yan tsiraru, su buɗe wa gonar wanda suka so, su rufe wa wanda ya yi musu gardama. Ya ce abin da ya burge shi ba injin ba ne, yadda ɗan Adam ke lalacewa ne idan aka ba shi abin da ba nasa ba. Ni kuwa injin kawai na riƙe.

Washegari da la'asar na kai labarin majalisa, a gindin durumin ƙofar mai unguwa. So nake a ce ni ma na san wani abu. Ban ce daga littafi ba ne, ban ce ƙirƙira ba ce, na dai kwashe shi da ƙarin gishiri. Ga mutane cikinsu ba komai, idonsu a sama, ni kuma ina ba su labarin masu buɗe ruwa kamar famfo. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce da irin wannan magana a gari ina ruwa zai sauka.

A garinmu al'ada ce, kafin a fita roƙon ruwa sai kowane gida ya fitar da abin da ake jin yana jawo fushin Allah. Masu karta su kawo kartarsu, masu layun banza su kawo, a tara a bayan masallaci a cinna wuta, a yi sadakar gumba, sannan a fita fili da riguna a juye. Ana gobe za a fita liman ya aika a kira ni. Na tarar da zaurensa cike da manya. Ƙanena ba ya gari, ya tafi Kunci wani taron malamai.

Nan take na ce ba maganata ba ce, a bakin ƙanena na ji, shi kuma a littafi ya gani. Liman mutum ne mai sanyi, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, tsaya. Labari ya ba ka irin na tatsuniya, ko kuwa cewa ya yi haka abin yake? Idan tatsuniya ce, ai ko gizo ma ya hau sama a tatsuniya."

Ya buɗe mini ƙofa, na ƙi fita. Na dubi fuskokin mutanen nan, na ji tsoro. Ban da tsoron kuma akwai wani abu da na daɗe ina ɓoyewa: shi ake kira Malam, shi Inna mahaifiyarmu ke ajiye wa fura mai kyau, ni kuwa da nake ciyar da gida ba wanda ya taɓa tambayata ra'ayina a kan komai. Sai na ji bakina ya ce, "Allah gafarta Malam, ya yarda da abin. Na yi ta yi masa faɗa, ba ya ji."

Liman ya ce a jira ya dawo a ji ta bakinsa. Ni ne ban jira ba. Da safe na shiga ɗakinsa, na ɗauko akwatin a ka, na ratsa gari da shi kowa yana gani. Inna ta biyo ni har zaure tana cewa in bari ɗan'uwana ya dawo, ban waiwaya ba. Da hannuna na zazzage littattafan a kan wutar. Nawa na jarumai da matsafa suna nan a ƙarƙashin katifata, ko ɗaya ban taɓa ba.

Da yamma ƙanena ya dawo. Tun a hanya aka ba shi labari. Ya same ni ina ba tumaki dusa, ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, ka gaya musu kai ne kake cewa in ci gaba?" Na ce masa ya rufe mini baki, ni ba sa'ansa ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa. Bai ceci geron ba, ya zo a makare, amma ya ishi mutane hujja. Aka ce wane ya fifita Allah a kan ɗan'uwansa. Aka fara matsa mini wuri a sahun gaba, ana kirana sasanta rigima. Na karɓi wannan girma na yafa kamar na gada. Shi kuwa iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajinsa. Idan ya wuce, samari su ce ga mai famfon sama nan. Ya je ya yi wa liman bayani, liman ya gamsu, amma bakin gari ya riga ya tafi, kuma ni da zan iya tsayar da shi na yi gum. Kafin a yi girbin ɗan abin da ya samu, ya nemi canjin wurin aiki ya koma Ungogo. Gonarsa ta gado ma bai waiwaya ba. Inna ta rasu ba ta sake ganin hannunmu a kwano ɗaya ba. Ranar jana'izarta ya gaishe ni kamar yadda ake gaida mai unguwar wani gari.

Shekaru suka tafi, na yi furfura da mutuncin da na saya da shi. Sai 'yata da ke karatu a birni ta zo hutu da wani littafi mai hoton taurari a bango. Na tambaye ta inda ta samo, ta ce Baffanta ne ya zaɓa mata, takan je gidansa. Ta ce ya gaya mata wai duk gidanmu ba wanda ya kai ni iya sauraron labari. Na tambaye ta ko ya faɗa mata abin da ya fitar da shi daga gari. Ta ce cewa ya yi aiki ne ya kai shi. Ashe duk shekarun nan shi yana rufa mini asiri a wurin 'ya'yana, ni kuwa ko sau ɗaya ban wanke shi a wurin kowa ba.

Abin da na koya a makare shi ne, wanda ya ba ka abin da yake so ya karanta, cikinsa ya buɗe maka, amana ce. Kuma tsoron bakin mutane ba tsoron Allah ba ne, ko da an yi shi a bayan masallaci.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallacinmu, na faɗa wa waɗanda suka rage abin da na yi. Yawancin waɗanda ya kamata su ji sun mutu, har da liman. Washegari na hau mota zuwa Ungogo. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da tabarau mai kauri. Ya yunƙura zai ba ni wuri, na ce ya zauna, na durƙusa a ƙasa.

Na ce, "Malam, ƙarya na yi maka. Ba ka taɓa cewa ka yarda da labarin nan ba, kuma ni ne nake roƙonka ka ba ni. Hassada ce da tsoro suka sa na ƙona maka littattafai, na raba ka da garinku da mahaifiyarka. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ko ba za ka iya yau ba, don Allah ka yafe mini."