Injiniya da Shafin Kiran Suna

A gidansu Injiniya ake ce mata, tun ranar da ta kwance rediyon mahaifinsu tana 'yar shekara goma sha biyu ta kasa mayar da shi. Sunan zolaya ne, amma ya bi ta har girma. Ita ce ta huɗu cikin su bakwai. Shekara uku ta yi a shagon buga takardu tana buga wa mutane wasiƙar neman aiki, a nan ta koya wa kanta rubuta manhaja a tsohuwar kwamfutar mai shagon. Daga baya ta samu aiki a wani kamfani mai ɗaki biyu a saman bene, inda ake yi wa makarantu shafin intanet na kiran suna da shigar da maki.

Babban yayanta malami ne a ɗaya daga cikin makarantun, don haka ba ta da sakat.

"Ke Injiniya," ya ce mata a waya wata safiya, "wannan abin naku sai na kira sunan yara da baki, na share allo, shi yana nan yana juyi. Ku kuwa kuna tsoron Allah?"

Ranar Talata ta je ajin nasa, ta tsaya a bakin taga da wayarsa a hannu. Minti biyu da rabi kafin sunan ƙarshe ya fito. Da ta koma ofis ta bincika, sai ta dafe kai. Ashe shafin ɗalibi ɗaya-ɗaya yake tambayar saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai: ya je ya karɓo suna, ya koma ya karɓo hoto, ya sake komawa ya ji ko yaron ya zo jiya. Yara sittin, zuwa ɗari da tamanin. A ofis intanet na gudu, ba a ganewa. A makaranta kuwa, inda sabis ɗin waya sanda ɗaya ne, kowane zuwa sai an jira.

Ta sami Manaja yana shan shayi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda in haɗe buƙatun nan. A tura jerin yaran aji gaba ɗaya, amsa ta dawo a dunƙule."

"A nan yana buɗewa?"

"Yana buɗewa, amma..."

"To ba lalacewa ya yi ba ke nan. Masu makaranta kore suke so a saman shafin maimakon shuɗi. Wannan shi ake gani."

Dogo, abokin aikinta wanda ya rubuta shafin tun farko, ya ji komai daga teburinsa. Kwana uku bai amsa gaisuwarta da kyau ba.

Ta sauya launin, ranta a ɓace. Aikin haɗe buƙatun kuwa a lokacin hutun rana ta riƙa yinsa, abincinta na hucewa a gefe. Gwajin farko ta yi zari: ta sa shafin ya kwaso makarantar duka a zuwa ɗaya, yara dubu da hotunansu. Wayar Yaya ta sandare a tsakiyar darasi.

"Da ma kin bar mana shi yadda yake!" ya ce, ya katse kiran.

Ta shiga banɗakin ofis ta wanke fuska, ta daɗe ba ta fito ba. Washegari ta sake lale: aji ɗaya, zuwa ɗaya, sunaye su fara fitowa, hotuna su biyo baya a zuwa na biyu. Ta sauka ƙarƙashin matakala inda sabis ba ya kamawa sosai ta gwada. Daƙiƙa huɗu. Ta gwada sau goma don kada ya zama idonta ne.

A taron ƙarshen wata Manaja ya ce makarantu sun yaba, kuma tun da aka sa koren nan ƙorafi ya ragu. Dogo ya dube ta. Sai bayan an tashi ya ajiye mata lemo a tebur.

Yaya ya daina kira. Mako biyu tana jira, har ta gaji ta tare shi a gidan mahaifiyarsu yana wanke babur.

"Yaya, shafin fa?"

"Wane? Au, lafiya lau yanzu. Ina jin kamfanin waya ne suka gyara sabis ɗin unguwar."

Ta tsaya tana kallon ruwan kumfa yana gangarawa rariya.

"Amma shafin shigar da maki," ya ce yana matse tsumma, "kowane maki na rubuta sai ya tsaya tunani. Jarrabawa saura kwana tara. Ki gaya wa masu yin abin su duba."