Habbanaye Ce, Baba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga tashar Maraɗi, ni da taubashina, za mu gaida Gwaggo, mahaifiyarsa, da aka yi wa aikin ido. Tana zaune a wani ƙauye can cikin karkarar El Alasan Mairairai. Kun dai san ni, in ba dole ba ba na nisa da shagona da rediyona. To, sai Gwaggo ta aiko cewa idon ya buɗe, tana so ta gani ko har yanzu munin nan nawa yana nan. Ina zan ƙi amsa irin wannan kira?

Motar cike take maƙil, direba kuwa tun kafin mu fita gari ya fara kukan tsadar isansi, wato man mota, don kada wani ya nemi ragi. A Cadawa mata suka yanyame tagogi da aya da ƙuli-ƙuli. Taubashina ya sayi aya, ya ce wai haƙorana ba za su iya ba, ya cinye abinsa. Kafin mu kai Gazawa motar ta koma majalisa. Wani dattijo mai ƙaramin rediyo ne ya tayar da zancen, ya ce manyan ƙasashen duniya sun rage kuɗin agajin da suke aikowa, sun juya su wajen sayen makamai. Wani saurayi ya ce Allah ya raka taki gona, lokaci ya yi da za mu tsaya da ƙafarmu. Wata ma'aikaciyar likita ta juyo ta ce mishi ya zo ya faɗa wa uwayen da ke layi suna jiran abincin yara masu tamowa. Ni kuwa, da yake gardama ce abincina, na goyi bayan saurayin har muka wuce wani ƙauye, sannan na koma bayan matar.

Rana ta ɗaga muka sauka Tasawa. Bazara ce, zafi har cikin takalmi. Na yi ramuwar ayata da kilishi, kuma duk wanda ya ce muku ya ci kilishin da ya fi na Tasawa, ku ce na ce ya sake tunani. Tiyar hatsi ta yi tsadar da mai saye da mai sayarwa duk sai sun yi tsaki. Amma garin na da rai: masu amalanken jaki, 'yan kabu-kabu, 'yan lakwal da jakunkunansu na makaranta, kowa na harkarsa. A hanyar tashar ƙauyuka taubashina ya nuna mini wani buro, wato ofis, a kulle, allon ƙofarsa ya koɗe. Ya ce nan ne masu furoje, wato ma'aikatan agajin da suka kai wa matan ƙauyensu awaki, suke a da, kuɗi ya yanke, sun watse.

Daga nan babu sauran kwalta. Wanda ya raɗa wa wurin nan suna Mairairai bai yi ƙarya ba. Akori-kurar da muka hau ta kafe a yashi, muka sauka muka tura, muka hau, ta sake kafewa. Taubashina ya ce turina na 'yan birni ne, baki ke yi, hannu na hutawa. Amma abin da na gani a gonaki ya mantar da ni gajiya. Ina yaro wurin nan fili ne fetal, sai ka hango mutum tun yana ɗan ɗigo. Yanzu ko'ina gawo ne da kalgo da sabara, manoma sun bar kututture ya tofo, suna gyara shi, abin da suke kira sassaben zamani. Awaki jajaye na kwance a inuwa suna cin 'ya'yan gawo. Wallahi mutanen nan sun burge ni.

Gwaggo ta tarbe mu da fura mai sanyi da nono. Ta riƙe fuskata ta duba da sabon idonta, ta ce ashe likita bai yi mata gata ba. Muka yi dariya. Sai dai na lura hankalinta ba ya tare da mu. Bayan la'asar mata suka riƙa shigowa suna ƙus-ƙus da ita, don ita ce shugabar ƙungiyarsu. Da suka watse na tambaya, ta ba ni labari.

Lokacin da masu furoje suka kawo jajayen awaki, ba kyauta suka ba kowa ba. Sun bi al'adar da muka koya tuntuni wurin maƙwabtanmu Fulani, wato habbanaye: a ba ki aron akuya, ki kiwata ta haihu, 'ya'yan naki ne, uwar kuma ki miƙa wa wadda ke bayanki. Yanzu akwai akuya guda a hannun wata mata, Tsahara, ta yaye 'ya'yanta, lokacin miƙawa ya yi. Wadda ke jira ita ce Rabi, mai tagwaye. Nononta ya kasa su, mijinta kuma an koro shi daga Aljeriya hannu wofi, yana kwance ba lafiya. Akuyar tana da sauran nono, ga kuma ciki. Ita ce abin da yaran nan ke jira.

Matsalar ita ce mijin Tsahara, Malam Idi. Rumbunsa ya ƙare ƙaf, har irin shuka sun ci, ga damina ta ƙarato. Ya ce akuyar ta furoje ce, masu furoje kuwa sun kulle buro sun tafi, babu mai zuwa tambaya. Gobe kasuwar Mayahi, zai kai ta ya sayo hatsi. Na so in ji haushinsa, amma da ya zo gaishe mu da yamma na kasa. Mutum ne mai kunya, ramamme, yana magana yana kallon ƙasa. Gwaggo ta yi mishi nasiha, ya ce, "Inna, na ji. To me zan ba yara?"

Washegari muka bi motar kasuwa, don Gwaggo ta aike mu sayen tabarmi da maganin ɗigawa a ido. Malam Idi ya ɗora akuyar. Motar na shirin tashi sai ga Tsahara da mayafinta, rungume da 'yar akuya budurwa, ta hau ta zauna gefen mata. Wannan ita ce ribar kiwonta da ta rage, ɗayar an sayar tun da ɗansu ya yi zazzaɓi. Mijin ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ni na ɗauka 'yar akuyar ce ta ƙi rabuwa da uwarta.

Hanyar Mayahi ta ratsa Gulbin Kaba, goriba iya ganinka. A nan na ga inda tabarmi da igiya da faifan da muke saye a Maraɗi suke fitowa. Kasuwar kuwa sai wanda ya gani. Buzaye da raƙumansu da cuku, Fulani da shanu, 'yan Najeriya masu sayen dabbobi suna lissafin canji a salula. Muka gama saye-sayenmu da wuri, na ja taubashina zuwa kara, wajen awaki, don zuciyata na can.

Mun tarar Malam Idi ya ba dillali igiya. Akuyar kyakkyawa ce, ja sumul, ba a daɗe ba masu saye suka fara zuwa. Na farko wani Bafulatani ne dattijo. Ya buɗe bakinta, ya taɓa ƙugu, ya taɓa hantsa, ya gyaɗa kai. Zai taya ke nan sai Tsahara, da ke tsugune gefe, ta gaishe shi cikin ladabi, ta ce a hankali, "Habbanaye ce, Baba."

Dattijon ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Malam Idi ya ce, "Ta furoje ce, Baba, masu ita sun tafi." Dattijon ya tambayi Tsahara ko akwai mai jira, ta ce akwai. Ya ce, "To ai mai ita tana nan," ya saɓa sandarsa ya wuce.

Haka aka yi ta yi. Mahauci ya zo, ta gaishe shi, ta faɗa mishi. Wani ɗan kasuwa mai babbar riga ya zo, ta faɗa mishi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, ba ta kalli mijinta ba ko sau ɗaya, balle ta kunyata shi da wata magana. Kalmar nan kaɗai take ajiyewa ta koma ta tsuguna. Wani baƙo da bai san kalmar ba ya ce shi ba ruwansa, ya taya. Na ce shi ke nan. Sai dillalin da kansa ya ce albarka, tun kafin mai akuya ya buɗe baki. Ya ja Malam Idi gefe, ya mayar mishi da igiya, ya ce shi a kasuwar nan yake ci, in aka ji ya sayar da habbanaye babu Bafulatanin da zai sake ba shi ko kaza.

Malam Idi ya tsaya da igiya a hannu, rana na dukansa. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san hatsi ne a ransa, ba mugunta ba. A nan Tsahara ta miƙe, ta kai wa dillali 'yar akuyarta, ta juyo ta ce wa mijin, "Malam, a sayar da wannan. Ita ce tamu."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ta ɗauko ta tun daga gida. Jama'a, kun san abin da 'yar akuyar nan take a wurinta? Ita ce duk abin da ta samu bayan doguwar wahalar yankan ciyawa da ɗibar ruwa, ita ce za ta zame mata tushen garke. Nan da nan aka saye ta, kuɗinta kuwa bai kai rabin na uwar ba. Hatsin da suka auno ba zai kai su kaka ba, sai dai ya ba su irin shuka da ɗan abin lallaɓawa. Ni da taubashina muka haɗa abin da ya sawwaƙa muka ƙara musu 'yan tiyoyi, muka ce saƙon Gwaggo ne don kada ya ji nauyi. Ba wani abin kirki ba ne, kuma na sani.

A hanyar komawa akuyar ta yi ta kukan 'yarta. Tsahara ta ɗora hannu a wuyanta, fuskarta a rufe da mayafi. Malam Idi na zaune kan buhun hatsi. Da motar ta tsaya, shi ya sauke akuyar da hannunsa, ya miƙa wa matarsa igiya, ya ce ta kai kafin magariba.

Na bi su Gwaggo zuwa gidan Rabi, na tsaya daga zaure ina leƙe. Babu wani biki. Tsahara ta ɗaure akuyar, ta tsuguna tana yi wa Rabi bayani: a ba ta dussa da ɗan kanwa, tana son 'ya'yan gawo, in za a tatse ta a riƙe ƙafar hagu don tana harbi. Ta tatsa da kanta ta nuna mata. Rabi ta buɗe baki za ta yi godiya, kuka ya ƙwace mata. Tsahara ta ce, "Haba Rabi, ni ma wata ce ta ba ni." Aka ɗora nonon a wuta, aka fito da tagwayen, 'yan firit da su, kai ya fi jiki. Ban iya tsayawa na ga sauran ba, na fita waje ina goge ido, taubashina kuma a karon farko bai tsokane ni ba.

Kwana biyu muka ƙara muka yi sallama da Gwaggo. Ta cika mu da kuka da daddawa, ta ce in na sake daɗewa haka za ta mayar da idon. Muka biyo ta Mayahi muka faɗo Cadawa, la'asar sakaliya muna Maraɗi, jiki duk yashi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Ba zan ce janye agaji alheri ne ba, na ga yaran da ke biyan farashin shawarar da aka yanke a ƙasashen da ba su san sunansu ba. Masu mulki, namu da na waje, su ji tsoron Allah a kan inda suke zuba dukiya. Sai dai na ga wani abu da ba ya cikin kasafin kowa, don haka babu mai iya yanke shi. Na fi shekara nawa ina gyara duniya da baki a ƙofar shago, ban taɓa rasa ko sisi saboda ra'ayina ba. Matar nan ba ta san sunan shugaban wata ƙasa ba, ta faɗi kalma ɗaya a kasuwa, ta biya ta da duk abin da ta mallaka.

Jiya na kira Gwaggo. Ta ce an yi ruwan shuka, Malam Idi ya shuka gonarsa, tagwaye na shan nono, ɗayan har ya fara zama. Na tambaye ta labarin Tsahara. Ta ce tana lafiya, kullum da safe takan biya gidan Rabi da ɗan ƙunshin ciyawa. Layin mata yana da tsawo, ba a san ranar da zai sake zagayowa kanta ba. A tsakar gidanta dai yanzu babu ko akuya ɗaya, amma ta hana a cire turken da take ɗaure akuyar.