Moton da Ba Ya Fita Zaure

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa a Gaya, amma har yau motonsa, wato babur ɗinsa, na tashi kowace safiya. Ni Isufu ƙaninsa nake tada shi a zauren gidanmu, kuma tayarsa ba ta taɓa ƙetare dokin ƙofa ba tun ranar.

Yaya makanike ne. Garejinsa rumfar kwano ce a kan hanyar gada, inda 'yan kabu-kabu da masunta daga Tunuga ke kawo motoci masu tari. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi cikin damina, ya bar mini rumfar, da akwatin sifana, da mahaifiyarmu Inna.

Ba abin da ke tada masa rai kamar cok, ɗan maɓallin nan da ake ja kafin a buga moto da safe. Yakan ce karburata aikinta ɗaya ne, ta gauraya mai da iska ta ba inji. Idan sanyin bakin kogi ya kwana a jikin ƙarfe, mai ba ya son tashi, sai a ja cok ya toshe hanyar iska, inji ya zuƙi mai da yawa har ya farka. Da ya ɗumama, sai a mayar da shi. Wanda ya manta kuwa, motonsa zai yi ta baƙin hayaƙi, ya sha mai kamar randa mai huda, buji mai ba inji tartsatsin wuta ya yi baƙi ƙirin, daga nan ya ƙi tashi sam.

Yakan gane ciwo tun daga nesa. Moton da ke mutuwa da zarar an mayar da cok, sai ya ce dattin man kwalba ne ya toshe 'yar ƙofar mai a cikin karburata, a kwance a hure. Wanda ke warin mai yana ƙin kamawa, ya ƙoshi ne, a mayar da cok, a buɗe wuta duka, a yi ta bugawa. Wani lokaci wayar cok ce ta yi tsatsa ta maƙale, mai shi yana ta zargin maƙiya. "Cok na tashi ne, ba na tafiya ba," in ji shi, yana dungurin kan mai moto. Ni ma na sha dungurin.

Bayan sadakar arba'in na so sayar da moton. Inna ta ce atafau. Idanunta sun riga sun yi rauni, da kunne take sanin gidanta. Ta ce in riƙa tada shi bayan asuba, lokacin da Yaya ke shirin fita. Ta san ya rasu, ba ta ruɗe ba. Ƙarar kawai take so.

To amma ƙarar da ta sani ita ce mai kaurin nan ta cok a ja, domin Yaya sai ya sha kwanar masallaci yake mayar da shi. Haka nake barin moton yana gurnani a shaƙe, hayaƙi na cika zaure, har ta ce ya isa. Duk mako ina kwance buji ina goge masa baƙi. Abin da Yaya ya hana kowa a Gaya, shi ƙaninsa ke yi wa motonsa kullum. Da zai leƙo ya gani, na san dunguri ba zai ishe shi ba.

Duniya kuwa ba ta tsaya jirana ba. Sababbin motoci na shigowa ba karburata ba cok, taɓa maɓalli kawai ake yi. Da Yaya na raye zai yi tsaki ya ce an mayar da mutane malalata, sannan ya kwana yana binciken cikinsu. Wani abokinmu ya buɗe garejin irinsu a Doso, ya daɗe yana kirana in je in koya. Bana ya ce in ban zo ba zai ɗauki wani. Ina son zuwa, wallahi ina so. Amma moton ba ya kamawa a ƙafar kowa sai tawa, Inna kuma ba ta yarda wani ya taɓa shi. Akwai safiyar da nake tsayawa cikin hayaƙin ina jin haushin mamaci, sai in yi istigfari.

Ranar da ya cika shekara bakwai ɗin, na buga moton kamar kullum. Da na ji inji ya ɗumama, sai na miƙa hannu na mayar da cok. Gurnanin ya sauka, hayaƙi ya ragu, moton ya soma numfashi sumul. Rabon da in ji wannan muryar tun Yaya na raye.

Na jira faɗa. Can daga ɗaki sai na ji Inna a hankali.

"Ya sha kwana ke nan. Allah ya kiyaye hanya, Hamidu."

Ita ce addu'ar da take yi masa kullum in ya fita, lokacin yana raye. Na ce a raina yau ta sallame shi, ƙila ni ma lokacin maganar Doso ya yi. Har na buɗe baki.

"Isufu," ta kira.

"Na'am, Inna."

"Kai dai kada ka bi shi."

Mutane na cewa abin da Yaya ya bari shi ne makanikan da ya koyar, da motocin da ke yawo tsakanin Tanda da Gaya ba hayaƙi. Gaskiya ne. Ni nawa rabon yana zaure. Na kashe shi, na lulluɓe shi da buhu, washegari na sake jan cok.